Ƙurajen allopurinol ba su cika fitowa a ranar farko ba

Da yawa sun ɗauka cewa maganin da jiki zai ƙi, tun ranar farko yake nuna alama, in aka kwana uku lafiya shi ke nan. Ba haka allopurinol yake ba, wato ƙwayar da likita ke ba mai tsakuwar ƙoda don rage sinadarin yurik asid. Mummunar illarsa ba kowa take samu ba, amma takan ɓullo ne bayan mako 2 zuwa 8.

Nan ake ruɗewa. A Jos, in leɓe ya tsage sai a ɗora wa hunturu, a shafa man kaɗanya. Zazzaɓi kuwa a ce maleriya ce, a wuce kemis, alhali ana ci gaba da haɗiyar ƙwayar. To, zazzaɓi da ƙuraje, jan ido, gyambo a baki ko kumburin fuska ga mai shan allopurinol na iya zama farkon cutar Stevens-Johnson, inda fata ke saɓulewa kamar ƙuna, ko wata illar mai taɓa hanta da ƙoda.

A daina sha nan take, a tafi asibiti ranar, da kwalin maganin a hannu. Wanda ƙodarsa ta yi rauni ya fi shiga haɗari, shi ya sa likita ke farawa da ɗan kaɗan. Wanda ya taɓa samun wannan illa kada ya sake shan sa.