Injiniya ma ya kamata a cire masa lasisi

Gaskiya wani labari da ya ce a koya wa ɗaliban injiniya ɗa'ar aiki kamar yadda ake yi wa lauyoyi ya taɓa ni sosai. Lauya a Najeriya sai ya wuce Makarantar Koyon Aikin Lauya, can ana koya masa ɗa'ar sana'a a matsayin darasi na kansa, kuma in ya ci kuɗin wanda yake karewa akwai kwamitin ladabtarwa da zai iya soke sunansa, shi kenan ya bar lauyanci. To injiniya fa? COREN, hukumar da ke kula da sana'ar injiniya a Najeriya, tana nan tun 1970 amma wallahi mutane da yawa ba su ma san inda za su kai ƙara ba. Ka je wajen gini ka ga an rage rodi, buhun siminti ɗaya a buga bulo fiye da ƙima saboda mai gida na son sauƙi, injiniya yana tsaye yana gani ya sa hannu. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a unguwar Ikoyi ta Legas a 2021 ya kashe sama da mutum 40, Allah ya jiƙansu. A koya wa yaran nan tun a jami'a yadda za su ce wa mai kwangila a'a, ko da aikin zai kufce musu.