Kafin a Biya Kuɗin Abincin Yara, a Je a Ga Yaran

Tun da aka sake tayar da maganar badaƙalar Feeding Our Future, wata ƙungiya da aka wawure kuɗin gwamnati na ciyar da yara ta hannunta a jihar Minesota ta Amurka, nake ganin wasu suna rubuta cewa ai ga hujja nan, ciyar da yara da kuɗin gwamnati kafa ce kawai ta wawure dukiyar jama'a, gara a soke shirin kowa ya huta. Wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai. Waɗanda suka yi satar an kai su kotu, amma masu wannan kira so suke a yanke wa yaron da ke zuwa aji da yunwa hukuncin laifin da wani ya aikata. Abin da shari'ar ta fallasa abu ɗaya ne: hukuma ta yi ta sakin kuɗi bisa abin da aka rubuta mata a takarda, ba ta tura mutum ya je ya ga yaran suna cin abincin ba.

Yadda ake biyan kuɗin shi ne tushen matsalar. A irin wannan shiri, gwamnati tana biyan mai kula da cibiya ne bisa adadin abincin da ya ce ya raba, saboda haka duk sunan da aka ƙara a rajista kuɗi ne. A shekarar 2019 ƙungiyar ta karɓi kimanin dala miliyan 3.4, amma zuwa 2021, bayan an sassauta ƙa'idoji saboda annobar korona, abin da ya bi ta hannunta ya kai kusan dala miliyan 200. Masu gabatar da ƙara, waɗanda suka tuhumi mutum 47 a watan Satumba na 2022 kan kimanin dala miliyan 250, sun nuna cewa wasu sunayen yaran daga wani shafin intanet mai ƙirƙiro sunaye aka kwaso su. Ƙaramin gidan abinci ya ce yana ciyar da dubban yara a kullum, kuma aka biya shi. Da jami'i ɗaya ya tsaya a ƙofar wurin lokacin rabo, ba tare da ya sanar da zuwansa ba, da kafin la'asar ya gane ƙaryar. Mai binciken kuɗi na majalisar jihar ma, a rahotonsa na 2024, ya ɗora wa ma'aikatar ilimi laifin sakaci wajen sa ido. Gani ya kori ji, kuma a nan jin kawai aka dogara da shi.

Cibiyoyin da ke karɓar yara bayan an tashi daga makaranta su ne suka fi buƙatar wannan ziyara. A cikin aji akwai malami, akwai rajistar da ake kira kowace safiya, akwai iyaye da suka san ajin ɗansu, don haka da wuya a cusa yara ɗari da babu su wani bai lura ba. Cibiyar yamma kuwa yaro yana iya zuwa yau gobe ya ƙi zuwa, sau da yawa kuma mai girki da mai ƙirga da mai neman a biya shi duk mutum ɗaya ne. Duk da haka abincin yamman nan shi ne na ƙarshe da wasu yaran za su ci a ranar, musamman waɗanda iyayensu ke aiki har dare. Wurin da buƙata ta fi tsanani shi ne wurin da ƙirge ya fi rauni, kuma wannan dalili ne na ƙara yawan masu dubawa a can.

Na san za a ce tura masu dubawa yana cin kuɗi, kuma kuɗin nan gara a zuba shi a tukunya. Ban ga ƙarfin wannan hujja ba, domin albashin masu dubawa na shekaru da dama bai kai kaso kaɗan na abin da aka sace a jiha ɗaya ba. Wasu kuma sun ce a raba wa iyaye kuɗin su ciyar da 'ya'yansu a gida. Tallafin iyali yana da nasa amfanin, amma ba ya kawo yaro makaranta da safe, ba ya kuma tabbatar da cewa ya ci abinci kafin darasin rana. Ƙasar Finland tana ba ɗalibanta abinci kyauta tun 1948, Amurka ta yi dokarta ta abincin makaranta a 1946, kuma babu wadda ta wayi gari ta ga cewa asara take yi.

Rashin zuwa a gani ba kuɗi kaɗai yake ci ba, har rayuka yana ci. A ranar 16 ga Yuli, 2013, yara 23 suka rasu a wata makarantar firamare ta gundumar Saran a jihar Bihar ta Indiya, bayan sun ci abincin rana da aka dafa da mai wanda ya gurɓata da maganin ƙwari. A takarda shirin yana tafiya daidai, tun bayan umarnin da Kotun Ƙolin ƙasar ta bayar a 2001 cewa a riƙa ba yara dafaffen abinci, amma babu wanda ya leƙa ya ga inda ake ajiye kayan girkin. A Japan kuwa, wajibi ne wani babba a makaranta ya ɗanɗana abincin kafin a kai wa ɗalibai, sannan a ajiye samfurinsa a daskare har mako biyu saboda bincike idan wani ya kamu da ciwo. Brazil ta kafa kwamitoci da suka haɗa da iyaye da malamai waɗanda ke da hurumin shiga makaranta su duba ɗakin girki da lissafi, kuma dokarta ta 2009 ta wajabta sayen aƙalla kashi 30 cikin 100 na kayan abincin daga ƙananan manoma, waɗanda ana iya zuwa gonarsu a tambaye su abin da suka sayar. Duk waɗannan matakai aikinsu ɗaya ne, wato kai idon mutum kusa da tukunya da bakin yaro.

Akwai kuma wadda ake yawan mantawa da ita, ita ce mai girkin. A Bihar, rahotanni sun nuna cewa mai girkin ta yi ƙorafi kan kamannin man, aka umarce ta da ta ci gaba da dafawa, ita ma kuma ta ci ta kwanta asibiti. Mai girki ita ce ta fara sanin an rage awo, ita ce ta san yara nawa suka miƙo kwano, amma a ƙasashe da dama ladanta ƙalilan ne, yana makara, kuma wanda ya kamata ta kai ƙararsa shi ne mai ikon sallamarta. Duk hukumar da take da gaske ta biya masu girki a kan lokaci kai tsaye daga asusunta, ta horar da su kan tsabta da adana kaya, ta kuma ba su lambar da za su kira su ba da rahoto ba tare da sun rasa aikinsu ba.