Kwanso mai ciki da teburin gareji

Sati biyu ke nan, amma har yau in na zauna a kujera mai tauri sai ƙugu ya tuna mini. Waɗanda suka ga bidiyon faɗuwar da na yi a gareji a WhatsApp sun ga ƙarshe ne kawai, don haka bari in faɗi nawa.

A taƙaice: filin harbin da muke zuwa a bayan Houston suna barin mutum ya tsinci kwanson harsashin da aka harba. Na cika bokiti biyu da na .40 S&W, wani nau'in harsashin ƙaramar bindiga, kyauta. Na wanke, na matse, na cika guda 200 a dare biyu, ban gwada ko ɗaya a geji ba, wato ƙarfe mai rami da ake jefa harsashi a ciki a ga ko zai shiga bindiga daidai. 'Yan gida kuma kada wani ya ɗauka shawara nake bayarwa, a nan Texas doka ta yarda mutum ya cika harsashin da zai harba da kansa, a Najeriya hanyar gidan yari ce.

Ranar Asabar, harsashi na bakwai, silaid, wato saman bindigar da ke ja da baya ya dawo, ya tafi gaba ya tsaya saura ƙiris ya rufe. Ba gaba, ba baya. Na cire magazin, na ja, na sake ja, kamar an yi masa walda. Sai da dattijon da ke kula da layin ya zo, ya riƙe silaid da hannu ɗaya bakin bindiga na kallon bango, ya daki mariƙin da ɗaya hannun, harsashi ya faɗo. Ya ɗauka, ya murza shi a tsakanin yatsu, ya nuna mini gindinsa. Ga ciki nan ɓul a gefe ɗaya, kamar na yaron da ya sha koko ya ƙoshi. Bai ce komai ba. Bazazzagin nan da muke zuwa fili tare ne ya ce, "Bakano ke nan, araha ba ta ado."

Ga abin da ke faruwa. Wasu bindigogin, wurin da harsashi ke hawa ya shiga ɗakinsa an fafe shi sosai don kada ya riƙa maƙalewa, sai ya zama ƙasan kwanson, dab da gindi, ba shi da ƙarfen da ya tokare shi. Shi kuwa .40, tun da aka fito da shi a 1990, mai zafi ne, matsinsa na iya kaiwa fam 35,000 a kowane murabba'in inci. Tagulla kuma ba ta gardama, inda ta ga sarari nan take bi. Faɗin gindin bai kamata ya wuce inci 0.424 ba. Nawa da na auna daga baya, wasu sun zarce, a gefe ɗaya kawai, shi ya sa in ka auna ta wata fuskar sai ka ga lafiya lau. Sai ka riƙa juya shi a bakin ma'auni kafin ka kama shi.

Dayin matsewa na yau da kullum, wato ƙarfen nan mai rami da ake ɗaura wa injin cika harsashi, ba ya isa wurin. Abin da ke riƙe gindin kwanso ya cinye inci 0.125, bakin dayin kuma an ɗan buɗe shi don kwanso ya shiga ba tare da ya karce ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai zoben da babu abin da ke taɓa shi, kuma nan cikin yake zaune abinsa. Wani lokaci ma dayin tura shi yake ƙasa ya tara shi ya zama ɗamara.

Maganin shi ne a tura kwanson gaba ɗayansa ya ratsa ta cikin zobe ya fita ta sama. Kamfanin Redding na da nasu mai suna G-Rx. Ni na sayi Bulge Buster na kamfanin Lee saboda kun san dalili. Shi ana haɗa shi ne da Factory Crimp Die ɗinsu: ka kwance murfin sama, ka zare hannun rigar da ke ciki, ya rage zoben kabaid kaɗai, wato ƙarfen nan mai tsananin tauri. Ka cire mariƙin kwanso ka sa sandar turawa a gurbinsa. Ka ɗora kwanso a kan sandar baki na sama, ka ja hannun injin. Kowane kwanso shi ke ture na gabansa, su riƙa fita ta sama suna taruwa a robar da ake kifawa a kai. Ana yin wannan ne da masu miƙaƙƙen jiki marasa fitaccen gindi, irin .40 da 10mm da .45 ACP da .380. Ban da 9mm, don shi a tsuke yake ta sama, bakinsa 0.380, gindinsa 0.391, ba a yi shi don ya ratsa zobe ɗaya ba.

Duk wannan na sani. Abin da na raina shi ne mai. Na ce ai kabaid ne, kabaid ba ya son mai. Gaskiya ne a matsewar yau da kullum, inda bangon kwanso siriri ne. Amma a nan gindin ne zai wuce, inda tagullar take da kauri kamar dutse. Fesawa ɗaya ta man lanolin da aka sirka da sifirit, kashi ɗaya cikin goma, a jaka a girgiza a bari ya sha iska minti goma, da ta raba ni da abin da ya biyo baya.

Sai kuma teburin. Injin irin wannan bolti ake sa masa ya ratsa katako, a ɗaure da noti da wosha ta ƙasa. Ni sukuru uku na katako na ɗaura a teburin da muka saya lokacin da muka tare, irin wanda cikinsa garin katako ne aka manne.

To, Lahadi bayan la'asar. Bazazzagi ya zo wai zai taya ni. Na farko ya wuce da ƙyar. Na biyu ya wuce da nishi. Na goma sha wani abu ya shiga rabi ya ƙi. Na danna da hannu ɗaya, shiru. Na sa hannu biyu. Na ji teburin ya yi wata 'yar ƙara, ƙiiit, na yi kamar ban ji ba. Ya ce, "Malam, a sa mai mana." Da bai faɗa ba wataƙila da na sa. Amma tunda daga bakinsa ta fito, sai na miƙe tsaye, na ɗaga dugadugai, na ɗora duk nauyina a kan hannun injin, ni da cikina da tuwon rana.

Kwanson ya wuce. Wannan ina so a rubuta, ya wuce. Sai dai lokacin da ya wuce, hannun ya tafi ƙasa babu birki, sukuru ukun suka tumɓuke tare da ɓallin tebur kamar faɗin faranti, ni kuma na tafi baya riƙe da injin a ƙirji kamar wanda aka miƙa wa jariri ranar suna. Na zauna daɓas a bakin bokitin kwanso. Bokiti ya kife. Kun taɓa jin kwanso sama da dubu na gudu a kan siminti? Ƙarar ba ta ƙarewa. Kana tsammanin an gama sai ka ji wani can ƙarƙashin mota, tilin, tilin, tilin. Kofin shayina, da ke ɗaya gefen teburin, ya yi jira sai da komai ya lafa, sannan ya gangaro a hankali ya juye a kan wandona.

Ƙofar gareji a buɗe take. Maƙwabciyarmu mai karen nan tana tsaye a bakin titi, ita da karen duk suna kallo. Maman yara ta leƙo daga kicin, ta dubi ni, ta dubi teburin, ta ce, "Baban Ummi, teburin da nake yanka a kai ranar Sallah ne fa." Ba sannu, ba komai.

Shi kuwa Bazazzagi, ko hannu bai miƙo ba, waya ce a hannunsa. Mutumin da shekara uku muna zuwa fili tare bai taɓa cika harsashi ɗaya ba. Nawa yake harbawa, ya kuma ce suna da hayaƙi. Shi ne ya cusa mini 'yan 9mm a cikin bokitin .40 wancan karon, suka shige ciki suka ɓuya, na karya allurar cire firaima, ɗan abin nan na gindin kwanso da ke kunna albarushi, har biyu a dare ɗaya. Shi ne ya ari ma'aunina na kauri tun azumin bara, wai zai auna wani abu a mota, ya dawo da shi ba batir. Kuma bidiyon da ya tura ya yanke farkon, inda kwanson ya wuce.

Da na tashi ina tsintar kwanso sai ga takardar da ta zo cikin kwalin, ta jiƙe da shayi. Nan na karanta gargaɗin kamfanin da kansa: ba su ba da shawarar gyara kwanson da ya kumbura a ɗakin da bai tokare shi ba, domin inda ya kumbura bangon ya riga ya sirance, matse shi ta waje ba ya maido da kaurin. Wanda ya yi layi kamar murmushi a gindi, ko farce ke maƙalewa a kai, na shara ne kai tsaye, don nan zai fashe in ya sake faɗawa daidai wurin. Da na zauna na tace nawa a ƙarƙashin fitila, na ja maganaɗisu a kai ya kwashe na ƙarfe, na ware na alminiyam, na zubar da masu layi, abin da ya rage bai kai yadda nake fahariya da shi ba. Su ma yanzu kowanne sai ya faɗa cikin geji da nauyin kansa ya zauna daidai da baki, in an kifa ya faɗo, kafin in yarda da shi.

Guda 193 ɗin nan na farko suna nan a gwangwani, sai na kwance su ɗaya bayan ɗaya da gudumar roba. Na yi goma sha biyu shekaranjiya, hannu ya gaji. Tebur kuma Maman yara ta ce wanda ta gani ba irin wancan ba ne, ya fi shi tsada. Bazazzagi ya ce yana da bolti a gida, zai kawo.