Akuyar da ke cikin jakar Kawu

Tun shekaranjiya nake ganin masu jajanta wa Kawu a kan kwalbar turarensa da aka karɓe a filin jirgi, har wasu suna cewa an ci mutuncin dattijo. To, ni da muka yi tafiyar nan tare zuwa Yamai, ina bayansa a layin bincike, ina shaida muku cewa babu wanda ya ci mutuncinsa. Kawu ne ya faɗi jarrabawar da yaran unguwar Birni da na Zango a Damagaram suke cinyewa a dandali bayan sallar isha'i.

Kowa ya san wasan. Mutum ya iso bakin kogi da kura da akuya da damin harawa, kwalekwalen kuma ba ya ɗaukar fiye da shi da abu ɗaya. Idan ya bar kura da akuya, akuya ta tafi, idan ya bar akuya da harawa, harawa ta tafi. Mai hankali yakan fara ƙetarar da akuya, ya dawo ya kai kura, ya komo da akuyar baya, ya kai harawa, sannan ya sake dawowa ya ɗauki akuya, ƙetarawa bakwai ke nan. Wasan ya tsufa ƙwarai, domin yana cikin wani kundin lissafi da ake jingina wa malamin nan Alcuin na Ingila, wanda ya rasu a shekarar 804, sai dai a nasu kyarkeci ne da kabeji. A cikin shekaru fiye da dubu ba a taɓa jin mai akuyar nan ya tsaya yana yi wa kwalekwale gardama ba. Kawu kuwa ya yi, har da ɗaga murya.

Abin da ya yi shi ne, ya cusa batirin cajin waya a babban akwati, ya kuma sa turaren rabin lita a jakar hannu, wato ya juya komai. Batirin nan shi ne akuyar, ba a barinsa inda babu ido a kansa. Batirin litiyom yakan yi zafi ya kama wuta da kansa, kuma idan hakan ta faru a inda fasinjoji suke, ma'aikatan jirgi za su ga hayaƙi su kashe, amma a rumbun kaya na ƙasa babu mai kai masa hannu. Turare kuwa wurinsa babban akwati ne, saboda tun shekarar 2006, lokacin da aka bankaɗo wani shiri a Landan na tarwatsa jirage da abubuwa masu ruwa-ruwa, aka kafa ƙa'idar cewa kada kwalbar abu mai ruwa-ruwa ta wuce mililita 100 a jakar hannu, ta Kawu kuwa 500 ce. Girman kwalba ake dubawa, ko da saura ɗigo biyu ne a ciki.

An ce mini ai Kawu bai yi kama da mai tayar da bam ba. Madalla, ashe akwai kamannin da ake gane su da shi, sai a taimaka a aika wa jami'an hotonsu. An kuma ce turaren tsada gare shi. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa tun a zaure na ce, "Kawu, ku bari in mayar da shi akwati." Ya amsa mini da cewa ya fara hawa jirgi tun ban san hannun damana ba.

Ban ji daɗin ganinsa yana kallon kwalbar nan a kan tebur ba, domin tsaraba ce ya yi niyyar kai wa amininsa, kuma na ga yadda ya yi shiru har muka sauka. Amma tausayi ba ya mayar da kuskure daidai, kuma minti biyar na tunani a gida da sun wadatar.

Ni abin da ya tsaya mini a rai ma shi ne kwandon da ke gefen na'urar bincike, cike da robobin ruwan sha waɗanda ko buɗe su ba a yi ba. Duk wanda ya taɓa bin layin famfo da jarka a Damagaram cikin watan Afrilu ya san abin da na ji. Na tsaya a wurin na shanye nawa tas kafin in wuce, jami'in yana kallona yana murmushi.