Yadda Baba ya ƙwace min kwamfuta

Baba tsohon malamin makaranta ne, irin waɗanda suka yi imani wasa da karatu ba sa shan inuwa ɗaya. Da ya yi ritaya sai ya ce zai rubuta tarihin rayuwarsa, in koya masa kwamfuta. Na ce to.

Tun a linzamin kwamfutar muka maƙale. Ya ɗaga shi sama yana nuna wa allo kamar rimot ɗin talabijin. Da na ce ya danna sau biyu, sai ya danna, ya gyara zaman tabarau, ya sake dannawa. Jan abu daga nan zuwa can kuwa ba a magana, a tsakiyar hanya yake saki, sannan ya juyo ya harare ni, wai ni na taɓa wani abu.

Ganin haka na buɗe masa Solitaire. Yana ganin karta fuskarsa ta canza.

"Kai, karatu na ce ka koya min ko shashanci?"

Na ce, "Baba, ai wannan ɗin shi ne karatun." Na yi masa bayani cewa Microsoft ta saka wasan a Windows 3.0 tun 1990, lokacin da yawancin mutane ba su saba da linzami ba, don hannu ya koyi ɗauko abu ya ja ya ajiye ba tare da mutum ya ji ana koya masa ba. Wani ɗalibi mai neman sanin makamar aiki, Wes Cherry, shi ya rubuta shi. Kati 52, layi bakwai, ja a kan baƙi, ƙarami a ƙarƙashin babba. Baba ya ce minti biyar zai ba shi, don kada a ce bai gwada ba.

Gaskiya hannu ya faɗa. Mutumin da ba ya iya kai kibiya kan hoto, sai ga shi yana wuf da kati yana cewa, "Zo nan, ja'iri." Ni har ina yaba wa kaina.

Cikin dare na ji ana buga min ƙofa. Baba ne, ido waje. "Taso, kwamfutar nan ta zube!" Na fito a guje, ko takalmi babu. Ashe cinye wasan ya yi, katunan suke ta tsalle suna zubowa a allo. Da na faɗa masa murna ake taya shi, sai ya gyara tsayuwa ya ce dama ya sani, gwada ni yake.

Daga nan kwamfuta ta fi ƙarfina. Ranar da nake da taron wurin aiki ta intanet, na tsaya a kansa ina ta "Baba, lokaci ya yi," shi kuma yana ta "Tsaya, baƙar bakwai kawai nake jira." A waya na shiga taron, a tsaye, ana jiyo muryarsa daga bayana yana yi wa sarkin kati faɗa. Shugabata ta tambaya ko lafiya a gida.

Na ce bari in ba shi tsoro. Na ba shi labarin yadda magajin garin New York, Michael Bloomberg, ya kori wani ma'aikaci a 2006 don ya ga Solitaire a kwamfutarsa a ofis. Ko ɗagowa bai yi ba. "Ni da na yi ritaya, wa zai kore ni?"

Tarihin rayuwa dai har yanzu sunansa kaɗai ke shafin farko. Yanzu ma ya ɗauki Mama ɗaliba, ya liƙa jadawali a ƙofa da rubutunsa na malamai: safiya tasa, yamma ta Mama. Na duba sama da ƙasa ban ga sunana ba. Da na yi magana, ya ce in rubuto takardar neman gurbi, zai duba.