Kafin a Sayo Sabbin Motoci, a Tambayi Mai Jira a Bakin Titi

A ce motar bas da ke bin layinku tana zuwa ne duk bayan minti 30, kuma babu wani jadawali da mutum zai dogara da shi ya san lokacin fitowa daga gida. A matsakaici, duk fita sai ka yi minti 15 a tsaye. Tafiya da dawowa, rabin awa ke nan a rana. Mai aiki kwana shida a mako ya yi asarar awa uku, a mako 50 kuma awa 150, wato fiye da kwana shida cur, dare da rana, yana tsaye a bakin titi. Wannan ma idan motar ta zo a kan lokacinta ke nan, kuma ta zo da wurin shiga. Idan ta wuce a cike, sai a sake lissafi daga farko.

Ba a rubuta waɗannan awoyi a kasafin kuɗin kowace hukuma. Abin da ake rubutawa shi ne yawan motocin da aka saya da kuɗin da aka kashe. Shi ya sa nake ganin cewa duk al'ummar da ke son a gyara mata sufuri, abin da ya kamata ta fara yi shi ne ta koma ƙidaya jira da kanta, ta rubuta, ta kai wa masu iko a ƙungiyance. Yawancin masu yanke hukunci a kan bas ba sa shiga bas. Ba mugunta ce ke hana su gyara ba a kowane lokaci. Sau da yawa ba su san inda abin ke ciwo ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma idan bai faɗa ba, mai gyara zai hau ya yi faci a inda ya ga dama.

Yana da kyau fasinja ya fahimci abin da ke sa mota ta daɗe ba ta zo ba, don kada a rufe masa baki da cewa babu kuɗin sayen sababbi. Idan zagayen layi ɗaya, zuwa da dawowa, yana cin minti 120, motoci huɗu za su ba da mota ɗaya duk minti 30. Ana son a mayar da shi minti 15, sai an sa takwas. Amma idan aka rage zagayen ya koma minti 90, ta hanyar ware wa bas layinta a kan titi, da hana ajiye motoci a inda take tsayawa, da karɓar kuɗi kafin a shiga maimakon a ƙofa, to motoci shida sun isa. An samu aikin motoci biyu ba tare da an sayi ko taya ba. Birnin Curitiba na ƙasar Brazil ya kama wannan hanya tun 1974 a zamanin magajin gari Jaime Lerner, Bogota ta ƙasar Kolombiya ta bi sahu a ƙarshen shekarar 2000. A Houston da ke Amurka kuwa, a watan Agustan 2015 aka sake zana layukan bas na birnin gaba ɗaya, da kusan kuɗin da ake kashewa a da, aka samar da layuka masu yawa da mota ke zuwa duk minti 15, har da ranakun ƙarshen mako.

Akwai kuma abin da ke ƙona ran kowane mai jira: a shafe tsawon lokaci ba mota, sai ga biyu ko uku sun iso a jere, ta gaba a cushe, ta baya kusan babu kowa. Mutane kan ɗora laifin a kan direbobi, alhali abin yana da dalilinsa. Motar da ta ɗan makara za ta tarar mutane sun fi taruwa, ɗaukarsu zai ƙara makarar da ita, a tasha ta gaba ta tarar da waɗanda suka fi haka yawa. Ta bayanta kuma tana tarar da tasha an share, sai ta yi ta gudu har ta cim mata. Maganinsa shi ne a samu mai lura da tazarar da ke tsakanin motoci, ya riƙa dakatar da ta baya na ɗan lokaci. Ƙungiyar fasinjoji da ta san wannan za ta je da buƙata takamaimai, ba za ta tsaya a kan cewa "motoci ba sa zuwa" ba.

A wuraren da direba ke cin abinci daga yawan kawunan da ya ɗauka, ko yake da kuɗin da dole ya kai wa mai mota kowace yamma, matsalar ta sha bamban. Ba zai tashi daga tasha ba sai ya cika, don haka wanda ke tsakiyar hanya ba shi da rabo, kuma layin da ba ya kawo riba da dare sai a yi watsi da shi. Ba na ganin adalci ne a mayar da direba da kwandasta abokan gaba a nan. Tsarin biyan ne ya tura su. Inda hukuma ke biyan kamfani gwargwadon nisan da motarsa ta yi da kuma kiyaye lokaci, kamar yadda ake yi a Landan, direba ba shi da dalilin zama sai ya cika ko yin tsere da ɗan'uwansa a kan fasinja. Ingila ta sakar wa kamfanoni harkar bas a ko'ina ban da Landan a 1986, kowa ya zaɓi layin da yake so da kuɗin da zai karɓa. Sai da aka yi doka a 2017 da ta ba manyan yankunan birane damar karɓe ragamar, kuma bayan matsin lamba na shekaru daga masu fafutuka, yankin Manchester ya fara tafiyar da motocinsa a ƙarƙashin ikon hukuma a watan Satumban 2023. Shekara 37 ke nan tsakani. Wanda zai shiga wannan gwagwarmaya ya shiga da sanin cewa wani ɓangarenta doguwar tafiya ce.

Amma ba duka ba. Wurin tsayawar mota abu ne da za a iya gyarawa cikin makonni, kuma a nan ne na fi jin takaici, domin shi ne mafi arha kuma shi aka fi wulaƙantawa. Ka duba inda ake cewa mutane su jira: wani wurin sanda ce kawai aka kafa, wani wurin ko sandar babu, sai dai sabo ya nuna wa mutane inda za su tsaya. Babu rumfa, babu benci, babu fitila. Tsohuwa mai ciwon gwiwa tana tsaye, mai juna biyu tana tsaye, mai goyo da kaya a hannu tana tsaye, ga rana ko ruwan sama, ga motoci na wucewa dab da ƙafafunsu. Idan dare ya yi, mace takan gwammace ta biya abin hawa mai tsada ko ta fasa fitar gaba ɗaya a kan ta tsaya ita kaɗai cikin duhu. Wanda ke kan keken guragu kuwa, idan babu gangare a gefen titi, ko kuma lambatu ne a buɗe tsakaninsa da ƙofar mota, to a wurinsa daidai yake da babu bas a garin. Sannan kowace tafiya tana da tsallaka titi sau ɗaya, ko a zuwa ko a dawowa, domin tashar komawa tana ɗaya hannun ne. Tashar da aka kafa a kan babban titi ba tare da wurin tsallakawa ba, tarko ce aka ɗana wa yara da tsofaffi.

Za a ce rumfa kuɗi ce. Haka ne, amma an daɗe da gano hanyar biyanta. A 1964 wani ɗan kasuwa Bafaranshe, Jean-Claude Decaux, ya fara kafa wa birnin Lyon rumfunan jiran bas kyauta, shi kuma yana cin kuɗin tallan da ake liƙawa a jikinsu. Birane da dama a duniya sun ɗauki wannan tsari. Sai dai yana da aibin da ya kamata jama'a su sa wa ido: mai talla yana son inda masu kuɗi ke wucewa ne, ba inda talakawa suka fi jira ba. Idan ba a rubuta a yarjejeniya cewa za a bi yawan masu jira da tsananin rana wajen zaɓen wuri ba, rumfunan za su taru a unguwannin da ba su cika buƙatarsu ba. Tambayar da za a yi wa hukuma a fili ita ce: da wane ma'auni kuke zaɓar tashar da za ta samu rumfa, kuma ina jerin?

Ko Majalisar Ɗinkin Duniya, a cikin muradun ci gaba da ta amince da su a 2015, tana auna samun sufuri ne da ko mutum yana cikin tazarar mita 500 daga wurin tsayawar mota. Ma'auni ne mai amfani, amma bai faɗi sau nawa motar ke zuwa ba, bai kuma faɗi ko akwai inuwa ba. Wannan giɓin mazauna wurin ne kaɗai za su cike shi.

An taɓa yi, kuma an ga amfaninsa. A Nairobi, ɗaliban jami'a sun riƙa shiga ƙananan motocin haya da ake kira matatu da wayoyinsu a hannu suna naɗar hanyoyin da suke bi da wuraren da suke tsayawa, har aka fitar da taswirar layuka sama da 100 a farkon 2014, abin da birnin bai taɓa mallaka ba. A Los Angeles, ƙungiyar masu shiga bas ta shiga ƙarar da aka kai hukumar sufuri a 1994, a kan cewa ana zuba kuɗi a jiragen ƙasa ana barin motocin da mafi yawan talakawa ke hawa a cushe, ga kuma ƙarin kuɗin mota. A 1996 aka cimma yarjejeniya a gaban kotu ta shekara goma, wadda ta ƙayyade yawan mutanen da za su iya tsayuwa a cikin mota, abin da ya tilasta wa hukumar ƙaro motoci. Abin lura shi ne sun nemi abin da ake iya ƙirgawa, don haka ana iya gane ranar da aka saɓa alkawari. A Denver kuma, a watan Yulin 1978, mutum 19 masu naƙasa suka tare motocin bas a tsakiyar gari da kekunansu, suka kwana a kan titi, saboda motocin ba su da abin ɗaga keke. Birnin ya zo ya gyara motocinsa, kuma a 1990 Amurka ta yi dokar da ta wajabta hakan a faɗin ƙasar. Mutum 19 ne fa.

Ba sai an kai ga kotu ko tare hanya ba kafin a fara. Mutum goma da littafi da agogon waya sun isa. A raba tashoshi, a zauna daga ƙarfe shida zuwa tara na safe na tsawon mako biyu, a rubuta lokacin da kowace mota ta iso, da wadda ta wuce ba ta tsaya ba, da yawan waɗanda aka bari. A ɗauki hoton wurin da tsakar rana da kuma bayan faɗuwarta. Kansila ko shugaban hukumar sufuri zai iya kawar da kai daga ƙorafin mutum ɗaya, ya ce ranar ce aka yi rashin sa'a. Takardar da ke nuna kwana 14 a jere kuwa, ba a kawar da kai daga gare ta haka. A kuma nemi sanin wa ke da alhakin me, domin a wurare da yawa mai motar daban, mai titin daban, mai fitilar daban, kowa na tura ka wurin ɗan'uwansa. A bincika lokacin da ake tsara kasafin kuɗi, a kai buƙata kafin a rufe shi, ba bayan an rufe ba.

Dole kuma in faɗi inda su kansu masu fafutukar ke tuntuɓe. Taron da ake kira ƙarfe goma na safe ranar aiki, waɗanda suka fi dogara da bas ba za su zo ba, suna wurin neman abinci. Sai masu motocin kansu da masu shaguna su cika wurin, su ce layin bas zai cinye musu wurin ajiye mota, a tashi a ce jama'a ba sa so. Don haka a je a sami mutane a inda suke jira, a ji ta bakinsu a can. Haka nan buƙatun fasinjoji ma suna cin karo da juna. Rage yawan tashoshi yana sa mota sauri, matashi mai sauri zai yi murna, amma dattijon da aka ƙara wa tafiyar mita 300 shi ya biya. Ni dai ina ganin tashar da ke kusa da asibiti, makaranta ko kasuwa ba a taɓa ta, saura kuma a zauna a yi ciniki a gaban waɗanda abin zai shafa. Sannan ƙungiyar da ta bari ɗan siyasa ɗaya ya mayar da ita tasa, ranar da ya faɗi zaɓe ita ma ta faɗi, rumfar kuma ba a kafa ba.

Idan hukuma ta amsa, ta ce za ta yi, a nemi ta rubuta wace tasha, wane aiki, zuwa wace rana, da sunan ofishin da za a tuntuɓa. A liƙa takardar a jikin tashar don kowa ya gani. Bayan wata uku, mutum goman nan su koma wuraren da suka zauna a farko, a sa'o'in da suka zauna, su sake rubuta lokacin da kowace mota ta iso.