Ƙarar da aka kai ta waya, wa ke tunawa da ita?

Mutum ya fito da safe ya tarar an fasa gilashin motarsa, an ɗauke jakar da ya manta a kujerar baya. Ya kira 'yan sanda. Muryar da ta amsa ta tambaye shi ko an ji wa wani rauni, ko ya ga ɓarawon, ko akwai kyamarar tsaro a wurin. Duk ya ce a'a. Aka karanto masa wata lamba, aka ce ya adana ta saboda kamfanin inshora, aka jajanta masa, aka ajiye waya. Bai ga mota ba, bai ji jiniya ba, balle ya ga mai kaki.

Rundunonin 'yan sanda da dama a duniya sun mayar da wannan tsari na dindindin, kuma masu jin haushinsa suna da yawa. Ban ga laifinsu ba. Sai dai ni, da na auna, ban ga yadda tsayuwar ɗan sanda a gaban motar nan za ta dawo da jakar ba. Damuwata tana can gaba: me ke faruwa da rahoton bayan an ajiye wayar?

Hujjar masu tsarin tana da ƙarfi, kuma ta daɗe. A 1977 'yan sandan birnin Kansas na Amurka suka fitar da sakamakon bincike kan saurin kai ɗauki. Abin da suka gano bai yi wa kowa daɗi ba: jinkirin da mutane ke yi kafin su kira ya fi lokacin da motar sintiri ke ɗauka kafin ta iso. Mutum zai fara kiran ɗan'uwansa, ya leƙa maƙwabta, ya zauna ya yi jimami, sannan ya tuna da hukuma. A 1981 William Spelman da Dale Brown suka sake gwada batun a birane huɗu na Amurka, suka tarar kusan kashi uku cikin huɗu na manyan laifukan da ake kai rahoto an farga da su ne bayan mai laifin ya yi gaba. Waɗanda saurin isowar 'yan sanda ya sa aka yi kamu a kansu kuwa ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba. Wato yawancin gudun da motocin nan ke yi ihu ne bayan hari.

Daga nan aka gwada rarraba kira bisa nauyinsa a biranen Garden Grove da Greensboro da Toledo na Amurka, a farkon shekarun 1980. Wani a je masa nan take, wani a ba shi lokaci, wani a karɓi bayaninsa ta waya. Mafi yawan mutane ba su ƙi ba, muddin an faɗa musu gaskiya tun farko. A ce maka jami'i na tafe ka wuni kana leƙen hanya, wannan ya fi ciwo a kan a ce maka ba wanda zai zo amma ga abin da za a yi. Birnin Baltimore na Amurka ya buɗe lambar 311 a 1996 domin rage cunkoso a layin gaggawa na 911, Ingila da Wales kuma suka shimfiɗa lambar 101, ta kiran da ba na gaggawa ba, kusa da layin gaggawa na 999 daga 2011 zuwa farkon 2012.

Akwai kuma maganar da shugabannin 'yan sanda ba sa son faɗa da ƙarfi, wato kuɗi. Tsakanin 2010 da 2018 Ingila da Wales sun rasa jami'ai fiye da 20,000. Jami'in da ya tafi rubuta rahoton keken da aka sace jiya, shi ne wanda ba ya nan lokacin da wata mata ta kira ana dukanta yanzu. Duk wanda ya ce a je ko'ina, sai ya faɗi wanda za a bari yana jira.

To ina gizo ke saƙar? A kalmar “ƙarami”. Sikelin da ofis ke auna laifi da shi yana duba darajar kayan, da ko an zubar da jini, da ko akwai wanda ake zargi. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Keken da takarda ta kira ƙaramar sata wataƙila da shi mutum ke zuwa aiki, rashinsa na iya zama rashin aikin. Dutsen da aka jefa a tagar magidanci mai jini a jika ɓarna ce ta yara. Irin wannan dutse a tagar tsohuwa mai zaman kaɗaici na iya hana ta barci wata guda.

Abin da ya fi wannan muni shi ne kallon kowane kira shi kaɗai, kamar ba shi da na gaba ba shi da na baya. A Oktoban 2007, a yankin Leicestershire na Ingila, wata uwa ta hallaka kanta tare da 'yarta mai shekara 18, mai buƙata ta musamman, bayan shekaru matasan unguwa na addabarsu da jifa da zagi da tsokana. Binciken da ya biyo baya ya nuna an tuntuɓi 'yan sanda sau 33 cikin kimanin shekara goma. A wasu lokutan ma jami'ai sun je. Abin da ba a yi ba shi ne haɗa kiran wuri ɗaya a ga cewa gida ɗaya ne, iyali ɗaya ne, kuma masu rauni ne. Kowane rahoto ƙarami ne idan aka ɗauke shi shi kaɗai. Idan har zuwa da ƙafa bai hana wannan mantuwa ba, me ake tsammani daga tsarin da mai amsa waya na yau bai san abin da na jiya ya ji ba?

Masu nazarin laifuka sun daɗe da sanin cewa ɓarawo yana komawa inda ya sha daɗi. A unguwar Kirkholt da ke Rochdale a Ingila, a ƙarshen shekarun 1980, an lura cewa gidan da aka taɓa fasawa ya fi sauran haɗarin a sake fasa shi har ninki huɗu. Sai aka mayar da hankali kan waɗanda aka riga aka yi wa sata: a gyara musu ƙofa da makulli, a sanar da maƙwabtan da ke kewaye da su su sa ido. Cikin shekara uku fasa gidaje a unguwar ya ragu da kashi 75 cikin 100. Ba kamu ne ya kawo wannan ba. Rahoton farko aka ɗauka a matsayin gargaɗi game da na biyu, maimakon takardar da za a jefa a durowa.

Sannan akwai abin da ido ke gani wanda kunne ba ya ji. Mai kira yana faɗin abin da yake ganin ya dace a faɗa. Matar da ta ce an fasa mata waya ba lallai ta ce mijinta ne ya fasa ba, musamman idan yana tsaye a kanta. Dattijon da ya ce kuɗinsa sun ɓata ba zai so ya ambaci jikansa ba. Mai jin kunya, da mai tsoro, da wanda harshen ƙasar bai zauna a bakinsa ba, duk sukan rage wa magana nauyi. Wanda ya iya tsara zance kuwa yakan samu a zo masa, ko da matsalarsa ba ta kai ta waɗancan ba.

Ingila ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka zarce. A 2015 Sara Thornton, shugabar majalisar shugabannin 'yan sandan ƙasar a lokacin, ta nuna cewa ba lallai ne jami'i ya riƙa zuwa kowane gidan da aka fasa ba. A shekarar ne kuma aka ji cewa a Leicestershire an yi gwajin wata uku inda masu ɗaukar shaidar zanen yatsu ke zuwa gidajen da aka yi yunƙurin fasawa idan lambar gidan cika ce, su tsallake masu lambar mara. (A kan takarda gwaji ne mai ma'ana. Ka je ka bayyana wa mai gida lamba 7.) Rabon laifukan da ke kaiwa ga tuhuma ya faɗo daga kimanin kashi 15 cikin 100 a 2015 zuwa ƙasa da kashi 6 a 2022. Ba waya kaɗai ta jawo haka ba, amma jama'a sun fahimci saƙon, ɓarayi ma sun fahimta. Dokar 2014 da ta sassauta shari'ar satar kayan kanti da ba su wuce fam 200 ba ta ƙara wa mutane zaton cewa akwai satar da ba a kulawa da ita, kuma a 2024 rahotannin irin wannan sata sun haura 500,000. Tun a Oktoban 2022 rundunoni 43 na Ingila da Wales suka yi amai suka lashe, suka yi alkawarin zuwa kowane gidan zama da aka fasa.

Duk da haka ba zan ce a koma gidan jiya ba, domin an ga inda nesa ta fi kusa amfani. 'Yan sandan yankin Kent na Ingila sun gwada haɗa matan da suka kai ƙarar cin zarafi a gida da jami'i ta bidiyo nan take, idan mai laifin ba ya wurin kuma matar ta amince. Matsakaicin jira ya sauko daga sa'o'i fiye da 32 zuwa kimanin minti 3, kuma kamu ya ƙaru. Bambancin wannan da abin da aka yi wa mai motar can shi ne an sa jami'i na gaske ya fara bincike a take, ba lamba kawai aka miƙa ba.

Saboda haka sharuɗɗana ba su da yawa. Kafin mai amsa waya ya yanke hukunci, allonsa ya nuna masa duk kiran da ya taɓa fitowa daga wannan gida da wannan layi, kuma kira na biyu ko na uku ya sa dole a taka a je. A tambayi mai kira ko shi kaɗai yake zaune, ko yana jin tsoro, ko ya san wanda ya yi. Wanda ya ce yana son ganin jami'i a ba shi rana da lokaci, ko da bayan kwana biyu ne, a kuma cika. Idan akwai hoton kyamara ko wayar da ke nuna inda take, a bi, tun kafin na'urar ta goge hoton. In an rufe fayil, a kira mutum a faɗa masa dalili da baki.

A kuma yi hattara da alƙaluma. Wanda ya kira sau biyu bai ga komai ba, ba zai kira na uku ba. A ƙarshen shekara rahoton runduna zai nuna cewa satar kekuna ta ragu a unguwarsa, a yaba wa shugabanta, a kwashe sauran masu sintiri a kai su wata unguwar da mutanenta ba su gaji da kira ba tukuna.